ABIN DA NA KOYO A DURƁI TA KUSHEYI

A cikin ƙwaryar da kakata take ajiye tarkacenta akwai wani ɗan dutse baƙi, sumul, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Gefensa guda yana da kaifi kamar bakin gatari. Kakana ne ya tsince shi yana huɗa a gonarmu da ke kusa da Malumfashi, tun ba a haifi mahaifina ba. Kakata takan ce gatarin aradu ne, watau tsawa ce ta jefo shi daga sama, ba ta kuwa yarda yaro ya taɓa shi. Ni ma haka na ɗauka har na kai aji biyar. Ziyarar da Ƙungiyar Tarihi ta makarantarmu ta kai wani ɗan ƙauye a ƙasar Mani ita ce ta sauya mini tunani game da wannan dutse, da ma ƙasar da muke nomawa. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da muka gani da abin da aka bayyana mana.

Samun izinin tafiyar bai zo da sauƙi ba. Tun daga abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, makarantun kwana na wannan yanki ba su cika barin yara su yi nisa ba. Shugaban makarantarmu ya yarda bisa sharaɗi biyu: kowa ya kawo amincewar iyayensa, kuma mu fita bayan sallar asuba, mu dawo kafin magariba. Sa'ad da na nemi izinin mahaifina, sai ya dube ni ya ce, "Kai kuwa, me za ka gano a kaburburan mutanen da? Wannan ne zai ba ka sakamako mai kyau?" Na rasa amsar da zan ba shi, amma dai ya sa hannu. A makaranta kuma wani abokina ya ce shi ba za shi ba, don an ce waɗanda ke kwance a wurin ba Musulmi ba ne. Malamin Tarihi ya ce masa ba roƙo za mu je yi ba, ba kuma neman tubarraki ba, ilmi za mu nema, kuma ganin makomar sarakunan da suka shuɗe wa'azi ne ga mai hankali. Daga ƙarshe abokin nan nawa ya shiga mota tare da mu.

Mun tashi cikin watan Nuwamba, an gama yankan dawa, hunturu ya soma leƙowa. Muka bi ta Dayi, muka hau hanyar Kano zuwa Katsina, muka wuce Kankiya da Caranci. Ko daga cikin mota mutum zai lura da yadda ƙasa take sakewa. A wajenmu ƙasa mai nauyi ce, ta masara da auduga da waken suya. Can arewa kuwa jigawa ce, sai gero da wake da gyaɗa, itatuwa kuma jefi-jefi. A birnin Katsina mun hango Hasumiyar Gobarau, amma ba mu tsaya ba, sai muka yi gabas. Durɓi ta Kusheyi tana da nisan kamar kilomita 32 daga Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Mani.

Da isarmu sai muka fara zuwa gaida mai gari, kamar yadda al'ada ta tanada. Ya yi mana maraba, aka kawo ruwa, sa'an nan ya haɗa mu da wani dattijo ya yi mana jagora. Malam ya ce masa, "Baba, ga jikokinka na kawo su ga inda aka faro." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To, samari, ku biyo ni, amma a yi tafiya da ladabi, mutane ne kwance a nan."

Ba zan ɓoye muku ba, da farko raina bai yi daɗi ba. Na zaci zan ga gini mai tsawo ko wani babban dutse da aka yi wa rubutu. Abin da muka tarar tuddai ne na ƙasa, wasu manya wasu ƙanana, ga gonaki kewaye da su, ga kukoki can gefe. Har wani daga cikinmu ya ce, "Malam, ashe suri muka zo kallo?" Muka fashe da dariya. Malam bai yi fushi ba. Ya ce mu zauna a inuwa, ya tambaye mu, "A fili shimfiɗaɗɗe kamar wannan, wa ya tara ƙasa haka? Mutum nawa suka yi jidon ta? Kwana nawa suka yi? Wa ya ciyar da su?" Muka yi tsit. Ya ce to, kafin a haƙa ko taki ɗaya, tudun da kansa ya riga ya faɗa mana cewa an yi wani mai iko a nan, wanda in ya mutu jama'a masu yawa sukan bar aikinsu su taru su yi masa makwanci.

Kalmar kusheyi jam'in kushewa ce, watau kabari. Durɓi kuwa sarauta ce wadda har yanzu tana nan: Durɓin Katsina shi ne Hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen Sarki tare da Ƙaura da 'Yanɗaka da Galadima. Mu mutanen Malumfashi mun san Galadima, don shi ne hakiminmu. Wannan ya sa na ji ashe wurin ba baƙo ba ne a gare ni.

Dattijon ya ba mu labarin da ya gada daga iyaye. Ya ce sarakunan farko na ƙasar Katsina su ne Durɓawa, na farkonsu Kumayau, wanda ake cewa jikan Bayajida ne, na ƙarshensu kuma Sanau. A zamanin Sanau ne wani mutum mai suna Korau ya zo daga 'Yandoto, suka yi kokawa, Korau ya kada shi ya kashe shi, sarauta ta koma hannunsa. Malam ya ƙara da cewa masana tarihi suna sa zamanin Muhammadu Korau cikin ƙarni na 15, ana kuma ɗaukarsa Sarkin Katsina na farko Musulmi. Har gobe fadar Sarkin Katsina Gidan Korau ake ce mata. Ya ambaci marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981, ya ce yana cikin waɗanda suka nuna cewa labarin baka abin dogara ne in an tace shi, an kuma gwada shi da wasu shaidu.

To, ina wasu shaidun? A nan ne aikin masu haƙar kayan tarihi ya shigo. Zamanin Durɓawa ba a bar mana rubutunsa ba, saboda haka sai a tambayi ƙasa. Sau biyu aka yi babban haƙa a wannan wuri, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne darasin da ya fi tsaya mini a rai.

Na farko an yi shi a 1907. Wani jami'in mulkin Turawa mai suna H. R. Palmer, wanda daga baya ya shugabanci Lardunan Arewa, shi ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan, da taimakon Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Shi kansa Dikko Durɓi ne kafin ya zama Sarki. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan nan sun ɓace, ba a kuma bar cikakken bayanin yadda aka same su ba. A 1959 Gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare.

Na biyu an yi shi a 1992, sa'ad da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa hannu da wani masani daga Jami'ar Bayreuth ta Jamus, aka buɗe tuddai uku. A tsakiyar kowane tudu an sami mutum ɗaya tak, an binne shi da kayan ado. Akwai zinariya, da mundaye na tagulla, da duwatsun wuya na gilashi da na dutse, da wuri, da ragowar tufafi da fata da itace. Akwai kuma wata tasa wadda aka ƙera ta a ƙasashen Gabas ta Tsakiya. An fara ajiye kayan a Gidan Tarihi na Katsina. A 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus don a gyara su a kuma bincike su, aka nuna su ga jama'a a can a 2011, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Malam ya zo da hotunansu, muka yi ta miƙa wa juna. Sai na riƙa duban hoton zinariyar, ina duban tudun da muka kira suri, kunya ta kama ni.

Wani ya tambaya, yaya aka san shekarun kaburburan alhali ba rubutu? Malam ya bayyana mana wata hanya wadda wani masanin kimiyya Ba'amurke, Willard Libby, ya gano wajen 1949. Duk abu mai rai, mutum ne ko dabba ko itace, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Muddin yana da rai yana samun sabo ta hanyar iska da abinci. Da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa a hankali, kuma raguwar tana da ƙa'ida: rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730. Saboda haka in aka auna abin da ya rage a jikin ƙashi ko gawayi ko itace, sai a lissafa tun yaushe abin ya mutu. Kamar dai ka tarar da kyandir yana ci ne, in ka san tsawonsa na asali da saurin cinsa, za ka iya faɗin lokacin da aka kunna shi. Da irin wannan awo, da kuma kwatanta kayan da irinsu na wasu ƙasashe, aka gane cewa an yi binne-binnen nan tun daga wajen ƙarni na 13 ko na 14 har zuwa ƙarni na 15 ko na 16.

Me waɗannan kaya suke faɗa mana? Na farko, mutanen nan ba a keɓe suke ba. Wuri daga teku yake fitowa, mafi yawan wanda aka yi ciniki da shi a ƙasashenmu daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya aka kawo shi. Tasar nan kuma sai da ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi. Ke nan shekara ɗari biyar ko fiye da suka wuce, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar Hausa ba, fatake suna haɗa wannan jigawa da Masar da ƙasashen da ke bayanta. Na biyu, yadda aka binne su ba irin jana'izar Musulunci ba ce, don Musulmi likkafani kaɗai ake sa masa. Amma ga kayan ƙasashen Musulmi a cikin kaburburan. Wannan ya nuna zamani ne da ciniki ya riga ya buɗe hanya, addini kuma yana shigowa sannu a hankali. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Shehu Magili kuma ya zo Kano da Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 15. Ashe labarin dattijon, da abin da ke rubuce, da abin da aka tono, duk sun doshi wuri guda, ko da yake ba wanda zai iya nuna tudu ya rantse cewa na Kumayau ne ko na Sanau, tun da ba a sami suna a jikin kome ba.

A nan Malam ya ja kunnenmu. Ya ce darajar kayan tarihi ba a jikin zinariyar take ba, tana ga wurin da aka same ta. Da ɓarawo ne ya tono tasar nan da dare ya sayar, da yau tana kan teburin wani attajiri a Turai, ba wanda zai san daga ƙasar Mani ta fito, balle a san da me aka binne ta ko yaushe. Mai haƙa na gaskiya yakan auna zurfin kowane abu, ya zana shi, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta abin da ke kusa da shi, kāna ya ɗaga. Dalili kuwa shi ne haƙa kamar yanka ne, ba a yin sa sau biyu. Abin da aka tono a 1907 ya tafi ke nan, ba mai iya mayar da shi.

Ya ba mu misali da gumakan Nok na kudancin Jihar Kaduna, waɗanda sun haura shekara dubu biyu. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu, wanda aka kafa shi a gonar doya don korar dabbobi. Da ba a kai masa ba, da watakila ya farfashe a kunya. Daga baya, musamman cikin shekarun 1990, masu haƙar sata suka yi wa wuraren Nok kaca-kaca. Akwai ma wasu gumakan yumɓu da 'yan kasuwar Turai suke kira "na Katsina", waɗanda aka fitar ta ɓarauniyar hanya, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Ga su da sunan jiharmu, amma ba su iya gaya mana kome game da kakanninmu, don an raba su da ƙasarsu. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 1979 ta hana haƙa irin waɗannan wurare ba da izini ba, ta kuma hana cinikin kayan da fitar da su waje.

Na tambayi dattijon ko me ya hana manoma baje tuddan tuntuni. Ya ce, "Ɗana, da can tsoro ne. Yanzu kuwa doka ce, da kuma kunyar magabata." Malam ya ce haka abin yake a wasu ƙasashe. A ƙasar Ailan, kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Donore, akwai wani babban tudu da ake kira Newgrange, wanda aka gina wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa, watau ya girmi dalar Giza ta Masar. Mutanen karkara na can sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan tuddai gidajen aljannu ne, suna shakkar taɓa su. Wani masani, Michael O'Kelly, ya yi aiki a wurin daga 1962 zuwa 1975, ya kuma tabbatar cewa magina sun bar wata kafa a saman ƙofa, ta yadda a ranakun da suka fi gajarta a shekara, cikin Disamba, hasken hantsi yakan ratsa har cikin ɗakin kabarin. Yau baƙi daga ko'ina cikin duniya suna zuwa kallo, mutanen yankin kuma suna cin abinci da wannan. Su ma fa tudun ƙasa ne a tsakiyar gonaki, sai dai sun san abin da suke da shi.

Jin haka sai na tuna da dutsen kakata, na kwatanta wa Malam shi. Ya ce ba tsawa ce ta jefo shi ba. Gatari ne na gaske, mutum ne ya wasa shi da hannunsa, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi, a zamanin da ba a san ƙarfe ba. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ƙasa ya fito da shi, shi ya sa ake tsintar sa bayan an yi tsawa, har aka ɗauka aradu ce ta kawo shi. Ya ce mutanen Turai ma sun yi wannan zato shekaru aru-aru. Sa'an nan ya ce mini, "Ka ga, gatarin kakarka ya girmi duk abin da ke cikin tuddan nan nesa ba kusa ba. Ka tambayi gida daidai inda aka tsince shi." Na yi shiru ina tunani. Mun yi doguwar tafiya neman tarihi, ashe na baro wanda ya fi shi tsufa a ɗakin kakata.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan'uwana su riƙe. Yankinmu na Funtuwa da Malumfashi cike yake da tsofaffin wurare, kamar Maska da Gozaki da Birnin Kogo, ban da kufai da ragowar ganuwa waɗanda sai dattawan gari kaɗai suka san sunayensu. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin tsingaro ko kashin maƙera ko tsohon dutsen niƙa a gona ba? Da can da fartanya ake noma, ba ta shiga ƙasa da zurfi. Yanzu ga garmar shanu, ga tarakta, ga masu ɗiban ƙasa don gini, ga masu neman zinariya. Abin da ya kwanta lafiya shekara dubu yana iya watsewa cikin yini guda. Ba cewa nake yi a daina noma ba, don da shi muke ci, da shi ake biya mana kuɗin littafi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka ga wani abu irin wannan, kada ka tona, kada ka fasa, kada kuma ka sayar wa baƙon da ya zo da 'yan kuɗinsa. Ka lura da wurin, ka rubuta ranar, ka gaya wa mai unguwa da malamin tarihi, su kuma su sanar da Gidan Tarihi na Katsina, wanda yake a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Haka kuma mu zauna da tsofaffinmu mu rubuta abin da suka sani tun suna da rai.

Mun bar ƙauyen bayan sallar azahar, muka iso makaranta rana tana gab da faɗuwa, kamar yadda aka yi alkawari. Abokin nan nawa da ya so ya ƙi zuwa, shi ya fi kowa cika littafinsa da rubutu.

Da aka yi hutu na koma gida, na ba mahaifina labari tun daga farko har ƙarshe. Bai ce kome ba a daren. Washegari da safe sai ya ce in ɗauko takalmina. Muka tafi gona, ya kai ni wata kusurwa kusa da rafi inda ƙasa ta yi baƙi, ya ce, "A nan Baba ya tsinci dutsen. Kullum garma takan turo fasassun tukwane a wurin, mukan zubar da su bakin iyaka." Ya daɗe yana duban wurin, sa'an nan ya ce bana ba zai bari tarakta ta bi ta nan ba sai Malam ya zo ya gani. Kakata dai har yanzu ta tsaya a kan cewa aradu ce ta jefo gatarinta, amma ta yarda na auna shi, na kuma zana shi a littafina.